Ranar da Na Yi wa Baba Tafinta a Filin Ƙwallo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda matata take ganin bai kamata in manta ba, amma yammacin da aka yi bikin cikar ƙungiyar ƙwallon unguwarmu shekara arba'in yana nan daram a kaina, kuma ina jin da shi za a ɗauke ni zuwa maƙabartar Baƙi'a in Allah Ya ƙaddara mini kwanciya a can. Duk wanda ya halarta, in ya tashi ba da labarin da dariya yake farawa. Ni ma ina yin dariyar, sai dai tawa takan tsaya a hanya, don ni ne na riƙe makirufo a ranar.

A Madina aka haife ni, a Ranuna, can kudancin gari wajen Ƙuba. Mahaifina daga Sudan ya zo, kakansa kuma daga ƙasar Hausa, shi ya sa har yau da iƙama nake zaune, wato takardar zaman baƙo, a garin da aka binne cibiyata. Sana'ata rubuta allunan shaguna. Da can da buroshi da fenti, yanzu da kwamfuta, amma sunan bai canza ba, hattat ake ce mini.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce, ta unguwa ce, irin waɗanda ke kokawa a kan kofin roba mai ruwan zinariya. Wanda ya kafa ta wani Bahaushen Chadi ne mai wankin motocin alhazai a Bi'ir Ali, kowa Baba yake ce masa. Shi ya hango wani fili a bayan gonar dabino, cike da baƙaƙen duwatsun nan na Madina masu yanka ƙafa kamar reza, ya tara mu muna samari, muka shafe wata biyu muna kwashe su da baro. Turakun gola kuwa tsofaffin bututan ruwa ne da aka yar. Daga baya ya samo mana takalman ƙwallo na gwanjo, amma na mutum shida kacal, mu kuma goma sha biyu ne. Sai ya raba su: mai bugu da dama ya ɗauki na dama, bahago ya ɗauki na hagu, ɗaya ƙafar kowa ya san yadda zai yi da ita. Da bahagwai suka yi ƙaranci, Baba ya naɗa wasunmu bahagwai da ƙarfin tsiya, ina cikinsu. Duk unguwar da muka je wasa, 'Yan Takalmi Ɗaya ake kiranmu, kuma mun sha cin masu takalmi biyu.

Filin yana jikin katangar wani attajiri mai sayar da dabino. Shi ma Bahaushe ne, amma ɗan ƙasa, don kakanninsa tun zamanin tafiyar ƙasa suka zo hajji suka zauna. Gaskiya mutumin kirki ne, ga sadaka, ga sahun gaba a masallaci. Abu ɗaya ne bai haɗa hanya da shi ba, ƙwallo. In ta tsallaka katangarsa ba ta dawowa da rai. Wuƙar da yake yanke igiyar buhu da ita zai sa mata, ya jefo mana gawarta ta saman katanga. Abin da bai sani ba shi ne ɗansa na biyu ɗan wasanmu ne, ta bayan gida yake tsallakowa ya zo. Ni da shi muke raba takalmi, shi dama, ni hagu.

Wannan ɗan shi ya girma ya gaji dabinon, ya ƙara da motocin jigilar alhazai, ya yi tumbi, ya karɓi ƙungiyar ya saya mata riguna, ya raɗa mata dogon suna na Larabci mai ma'anar taurari. Tun daga nan Ra'is ake ce masa, wato shugaba. Shi ne kuma ya zama kafil ɗina, wato mai tsaya mini a hukuma, da sunansa shagona yake, da sa hannunsa ake sabunta iƙamata. Wajen shekara arba'in da haihuwa sai wata lalura ta same shi: Hausa ta zube masa, kamar yadda gashin kai ke zube wa wasu. In ka ce masa "ina kwana" sai ya ɗaga gira ya ce "esh?", wato "me?" 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin Hausa su amsa da Larabci, wannan mun saba, ba mai ganin laifinsu. Tasa daban ce. Da kunnena na taɓa jin ya zagi alƙalin wasa da Hausar da ko a kasuwar Kano sai an juyo an dube shi. Amma tunda ya ce ba ya ji, mu ma muka yarda ba ya ji. Har mukan fassara masa.

Maganar bikin a majalisarsa ta taso, muna shan gahawa. Babban ɗansa ya dawo daga karatu a Amurka da wata hula mai baki wadda ba ya cirewa, ya zo da soyayyar wani wasa wai shi besbol, wanda ake jefa wa mutum 'yar ƙwallo ya doke ta da kulki ya ruga. Ya yi ta nuna mana filayensu a waya, manya-manya, yana cewa wasu ƙungiyoyin sun haura shekara ɗari, kuma kowace tana da ɗakin tarihi inda ake ajiye tsofaffin kulake da safar hannu a cikin gilashi.

Wani dattijo cikinmu, tsohon golanmu, ya karɓi wayar ya juya ta sama da ƙasa. Ya ce, "Ina ragar take?"

Aka ce masa ba raga.

Ya mayar da wayar ya ce, "To me suke nema?"

Saurayin bai karaya ba. Ya ce abin da ya fi burge shi shi ne yadda suke girmama na farko. In mutum ya yi wa ƙungiya babban aiki, sai a ɗauki rigarsa a sa a gilashi, lambarsa kuma a jingine ta, ba mai ƙara sawa har abada. Nan idon Ra'is ya yi haske. Ya ce lallai haka za a yi a bikin arba'in, a jingine lambar wanda ya kafa ƙungiya. Muka ce madalla, kowa ya tuna Baba. Har na buɗe baki zan ce ai tsohon zai yi kuka don murna, sai Ra'is ya sauke murya ya ce da Larabci, "Al-walid, Allah Ya ji ƙansa, ya cancanci fiye da haka."

Mahaifinsa yake nufi. Mai wuƙa.

Mu tara ne a ɗakin, shida daga ciki sun kwashi duwatsun filin nan da hannunsu. Ban taɓa ganin manya sun ƙura wa ƙasan kofin gahawa ido kamar ranar ba. Ra'is ya yi bayani cewa in ba don katangar mahaifinsa ba da iska ta riƙa kwashe ƙwallo zuwa titi, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa kira mana 'yan sanda ba, alhali yana da iko. Tsohon gola ya yi tari. Wani ya ce sadaƙta, ka faɗi gaskiya. Sai Ra'is ya juyo wajena ya ce, "Ya ustaz, kai ne mai alƙalami. Tarihin a hannunka yake."

Na ce, "Tamam, ya Ra'is."

Bari in faɗi gaskiya tunda yanzu na tsufa: bai yi mini barazana ba. Bai ambaci shago ba, bai ambaci iƙama ba. Ni ne na ambata wa kaina su, a zuci, kafin ya rufe baki.

Kwana huɗu na yi a kan allon, kuma duk cikin ayyukana babu wanda ya kai shi kyau. Tsayinsa ya fi mutum, rubutu ruwan zinariya a kan kore. Na rubuta cewa marigayi ya hango makomar matasa tun kafin kowa ya hango, ya buɗe musu ƙofarsa da zuciyarsa. Takalmi ɗaya na share shi gaba ɗaya, don Ra'is ya ce ba ya son abin da zai sa baƙi su ɗauka mu matsiyata ne. Baba ya samu rabin layi a can ƙasa, a matsayin ma'aikacin fili na farko. Matata ta karanta a kwamfuta ta bayan kafaɗata, ta ce, "Wannan ba shi ne ya kai ƙararka wajen babanka har aka zane ka ba?" Na ce mata harkar tarihi ba ta mata ba ce. Ta ce ta gode Allah.

Saura riga. Mutumin da bai taɓa taka fili ba, ba shi da rigar da za a sa a gilashi. Aka sayo sabuwa, aka kai wa wani tela ɗan Chadi ya ɗinka mata lamba goma a baya, don Ra'is ya ce mahaifinsa ba zai sa lambar da ta gaza goma ba. Telan ya jiƙa ta a baƙin shayi kwana biyu, ya shanya a rana, ya goga wuyan da dutse. Da ya kawo ta sai ka rantse ta ga yaƙi. Marigayin ƙato ne, rigar kuwa ko hannunsa ɗaya ba za ta ɗauka ba, amma aka ce ai lokacin yana matashi ne.

Ni aka aika in gayyato Baba. Ya daɗe da barin wankin mota, ƙafa ta hana. Kullum yana zaune a gaban shagon surukinsa a Bi'ir Ali yana kallon motoci suna sauke mutane su shiga masallaci da kayan gida su fito da harami. Duk takardar da ta zo masa, ta asibiti ko ta hukuma, ni yake ajiye wa in karanta masa, tun ina saurayi. Ranar ma sai da ya ciro wata daga aljihu na karanta masa, sannan na ce za a yi biki, ana son ya zo a karrama tsofaffi.

Ya ce, "Za a buga wasa?"

Na ce za a buga.

Ya ce, "To zan zo. Ka ce wa ɗan mai dabino ya sa mini kujera a inuwa."

Ban ce masa komai game da allon ba. Na gaya wa kaina tsoho ne, ba ya karatu, kuma jawabin da Larabcin littafi zan yi shi, zai wuce ta saman kansa.

An kama hayar wani mal'ab a hanyar Bi'ir Ali, irin filayen nan masu ciyawar roba da benayen 'yan kallo. Bayan la'asar aka fara. Unguwa kaf ta zo, Hausawan Sudan, na Chadi, na Nijar, da 'yan ƙasa, mata a ɓangarensu da fulas-fulas na shayi. A gaba an jera kujeru masu hannun zinariya, ana zagawa da turaren wuta. Ra'is ya sha alkyabba. Babban baƙo wani jami'in harkar wasanni ne, Balarabe, dogo, mai yawan murmushi, wanda ko kalma ɗaya ta Hausa bai sani ba.

Mai hula ya tsara cewa baƙo ne zai buɗe taro da jefa ƙwallon farko da hannu, wai haka ake yi a besbol. Aka miƙa wa mutumin ƙwallon ƙafa aka ce ya jefa. Ya dubi ƙwallon, ya dubi Ra'is, ya ɗaga ta da hannu biyu ta bayan ƙeya ya jefo kamar ta fita waje. Tsohon gola ya ce ƙafarsa ɗaya ta ɗaga, a sake. Aka yi tafi aka wuce wurin.

Sannan na hau na karanta tarihi. Na zuba Larabci har da jan wasali. Da na zo kan buɗe ƙofa da zuciya sai na ji filin ya yi tsit, irin shirun da ake yi in liman ya yi kuskure a sura kowa na jiran wani ya gyara. Ba wanda ya gyara. Aka yaye ƙyalle daga kan gilashi, rigar shayi ta bayyana, Ra'is ya sa gefen alkyabba ya share ido. Ina jin da a nan aka tsaya, da yau jikokinmu sun haddace cewa mai dabino ɗan gaba ne mai lamba goma.

Baƙon ne ya ɓata tsari, kuma da kyakkyawar niyya. Ya ce labarin ya taɓa shi, shin akwai wanda ya rage cikin waɗanda suka yi aiki da marigayi tun farko? Yana so ya ji daga bakinsa. Kafin Ra'is ya ce uffan, mutane sun fara nuna inuwar da Baba yake zaune. Aka kamo hannunsa ya taho da sandarsa, a hankali, kamar mai auna filin.

Shekarar Baba hamsin a Madina. Larabcin kasuwa yana bakinsa kamar ruwa, da shi ya yi faɗa da direbobi rabin rayuwarsa. Amma da ya karɓi makirufo sai ya ce wa baƙon, da Larabci, ya yi masa afuwa, da Hausa zai yi magana, don da Hausa aka haifi ƙungiyar. Ya ce ga hattat nan, ya ga yau bakinsa a buɗe yake, sai ya fassara.

Aka miƙo mini makirufo na biyu. Ra'is ya dube ni. Kallo ɗaya ne, bai fi ƙiftawar ido ba, ni kuwa na karanta shafi uku a cikinsa.

Baba ya yi salati, ya yi wa mamatanmu addu'a, na fassara daidai. Sannan ya ce, "Mai dabino maƙwabcinmu ne, Allah Ya haskaka kabarinsa. Amma ni dai ban taɓa ganin ƙafarsa a filinmu ba. Kansa kawai muke gani ta saman katanga."

Na ce wa baƙo, "Ya ce marigayi kullum yana sa ido a kansu daga sama."

Baƙo ya gyaɗa kai. Wani ya yi tari a baya.

Baba ya ce, "In ya leƙo, sunan da yake kiranmu da shi ɗaya ne. 'Yan iska."

Na ce, "Ya ce marigayi ya yi musu laƙabi da abna'ur rih, 'ya'yan iska, saboda tsananin gudunsu."

Daga ɓangaren mata dariyar ta fara. Wata ce ta kasa riƙewa, ta fashe, ta toshe baki, sai ta kusa da ita ta kama. Baƙon ya ce masha Allah, suna mai kyau, ya kamata a rubuta shi a rigunan yara. Wannan ya ƙarasa mazan. Abin da na manta a lissafina shi ne duk wanda ke kan benayen nan yana jin harsunan biyu. Hatta samarin da ba sa amsa gaisuwa da Hausa sun riƙe ciki. Mutum ɗaya tak nake yaudara a filin, a gaban shaidu ɗari uku.

Baba bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya ce, "Ƙwallo huɗu ya farke mana da wuƙa."

Ya kamata in ajiye makirufo a nan. Na sha tambayar kaina me ya hana. Ina jin wanda ya fara gangara ba ya tsayawa sai ya kai ƙasa. Na ce, "Ya ce ƙwallo huɗu suka ratsa ta hannun marigayi, kuma kowacce sai da ya bar mata alamarsa."

Tsohon gola ya zame daga kujera. Baƙon yana murmushi yana waige-waige, yana neman abin dariya a cikin karamci bai samu ba. Baba ya juyo ya dube ni, ya ce a hankali, "Ɗana, ina jin Larabci fa." A hankali ya faɗa, amma makirufo na bakinsa, lasifika ta kai wa kowa.

Ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ya ce huɗu ne, yana sane da su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko roba ce, ta biyu ma haka, ta uku wani direban Turkiyya ne ya ba shi. Ta huɗu kuwa fata ce ta gaske, fara da baƙi, irin wadda ake gani a talabijin, ranar da aka fara buga ta ta tsallaka katanga, mai dabino ya yanka ta kamar kankana.

Sai ga Ra'is a tsaye. Alkyabba ta zame daga kafaɗa ɗaya, ya tako ya fizge makirufon hannuna.

Ya ce, "Haba Baba, ka ji tsoron Allah mana. Uku ne. Ta fatar ai bai yanka ba, a ƙarƙashin gadonsa ya ajiye ta, ni na sato ta na cusa a buhun dabinon ajwa na fito da ita. Kai na kawo wa har tasha. Dukan da na sha a kanta har yau in sanyi ya yi ina jinsa."

Da Hausa. Tatacciya, ba gargada, ba ko "ya'ani" ɗaya a ciki.

Ra'is ya tsaya da makirufo a hannu, bakinsa a ɗan buɗe, kamar wanda ya ji muryar wani ta fito daga cikinsa. Mai hula ya cire hularsa, karo na farko da na ga tsakiyar kansa.

Baba ya gyara riƙon sandarsa ya ce, "Uku ne. Ban manta ba. So nake in ji ko kai ka manta." Ya ƙara da cewa, "Ashe Hausar tana nan."

Ba zan iya kwatanta abin da ya biyo baya ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Baƙon ya miƙe ya ce don Allah wani ya gaya masa abin da ake ciki, kuma ya nuna ni ya ce ban da wannan. Baba da kansa ya ba shi labarin da Larabcin tasha, tun daga duwatsu da baro har zuwa bahagwan dole. Mutumin ya yi dariya har yana share hawaye da gefen rawaninsa. Ya tambayi yadda ake gudu da takalmi ɗaya, tsofaffi uku suka tashi suka gwada masa a kan ciyawar roba. Ya ce ya halarci bukukuwan ƙungiyoyi da yawa, duk tarihinsu iri ɗaya ne, wani mai hangen nesa ne ya kafa, yau ne ya ji na gaske. Ya tambaya me ya sa ba wannan aka rubuta a allo ba.

A nan na ga abin da ya sa wasu ke zama shugabanni, wasu kuma hattat. Ra'is ya riga ya gyara alkyabbarsa. Ya dafa kafaɗar baƙon ya ce wallahi shi ma yau ya fara ganin allon, ya bar wa ustaz ne ya rubuta, ka san masu alƙalami da son ƙawata magana. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ma'alesh, a yi masa uzuri, niyyarsa mai kyau ce." Kafin a kira magariba shi ke tsakiyar da'ira yana ba da labarin buhun ajwa, sau ɗaya da Larabci, sau biyu da Hausa, kuma a karo na uku buhun ya koma biyu, bulalar ta ninka. Ya shigo filin a matsayin ɗan wanda ya kafa ƙungiya, ya fita a matsayin yaron da ya sha duka don ya ceci ƙwallonta. In ka auna, riba ya ci. Rigar shayi kuwa ba wanda ya san inda ta shiga, gilashin dai na gan shi daga baya a shagonsa an jera samfurin dabino a ciki.

Ni kuma na fita da suna. Har yau in na shiga kasuwar unguwa sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Ahlan, ibnur rih." Yaran da ba a haifa ba lokacin ma haka suke kirana, sun ɗauka sunan gidanmu ne.

Wannan duk mai sauƙi ne. Na sami Baba a bakin ƙofar mal'ab yana jiran motar surukinsa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Ka san kafil ɗina ne."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ban yi don in wulaƙanta ka ba."

Ya dubi titi. Sannan ya ce, "Shi ubansa yake wankewa. Ko ƙarya ya yi, ɗa ne ya yi wa ubansa, Allah Ya san da wannan. Kai fa, wa kake wankewa? Tare muka kwashe duwatsun nan. Ni na ɗaure maka yatsa ranar da dutse ya fasa shi." Motar ta iso, na kama shi ya shiga. Ya ce in gaida gida.

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu, shekara uku bayan nan. In na je gaishe shi yakan sa a kawo mini shayi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Amma wata rana ina zaune a gefensa takardar asibiti ta zo, na miƙa hannu kamar yadda na saba shekara arba'in, sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce bari surukinsa ya dawo. Bai faɗa da fushi ba. Daga ranar har ya koma ga Allah ban sake karanta masa ko layi ɗaya ba.

Iƙamata kuwa ba abin da ya same ta. Da lokacin sabuntawa ya yi Ra'is ya sa hannu yana ba ni labarin buhun ajwa, da Hausa, kamar ba na wurin.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Mai ƙarfi in ya sa ka yi masa ƙarya, ranar da ta fashe zai kakkaɓe rigarsa ya koma cikin masu dariya, kai za a bari riƙe da ita. Kuma yawancin abin da muke cewa an tilasta mana, in ka bincika ba wanda ya ce mana ko kanzil, mu ne muke rugawa mu durƙusa tun ba a nema ba. Har yanzu ina rubuta alluna, in mai shago ya ce in sa cewa shawarmarsa ta fi ta kowa a Madina zan sa, wannan tsakaninsa da masu ci ne. Amma abin da na gani da idona, wanda na san wani ya zubar da guminsa a kai, ba na ƙara ba da aron bakina a canza shi. Wanda ya yarda da kai ya karɓi maganarka ba tare da ya duba ba, in ya daina, ba zai yi maka faɗa ba, kuma ba ranar da za ka je ka roƙa ya dawo da yardar.